Tarihin Stan Laurel, ɗan wasan da ya ajiye sana'a ranar da abokinsa ya mutu

Daga ranar 7 ga Agusta, 1957, da Oliver Hardy ya mutu, har zuwa tasa mutuwar bayan shekara bakwai da rabi, Stan Laurel bai ƙara fitowa a wani fim ba. An yi masa tayi iri-iri, har da gurbi a wani gagarumin fim ɗin barkwanci na 1963 da ya tara fitattun 'yan wasan Amurka, amma ya ƙi. A wurinsa sana'ar ta mutum biyu ce, ɗayansu kuwa ya riga ya tafi.

An haife shi ranar 16 ga Yuni, 1890, a garin Ulverston da ke arewa maso yammacin Ingila, aka raɗa masa suna Arthur Stanley Jefferson. Mahaifinsa manajan gidajen wasan kwaikwayo ne, mahaifiyarsa kuma 'yar wasa ce, saboda haka gadon gida ya ɗauka. Yana ɗan shekara 16 ya fara hawa dandamali a birnin Glasgow. A 1910 ya shiga ƙungiyar wasa ta Fred Karno, suka tsallaka teku zuwa Amurka. Tauraron ƙungiyar shi ne Charlie Chaplin, aikin Laurel kuwa shi ne riƙe gurbinsa duk ranar da ya kasa fitowa. Chaplin ya koma fim, duniya ta san shi nan da nan. Laurel ya ci gaba da zagaya ƙananan gidajen wasa, har akwai lokacin da kwaikwayon Chaplin ɗin ne ke ba shi abin sawa a baki. Ya yi fim ɗinsa na farko a 1917, ya shafe kusan shekara goma yana fitowa shi kaɗai ba tare da ya yi fice ba.

Finafinan wancan zamani ba su da sauti. Gajeren fim ɗin barkwanci kan ɗauki kimanin minti ashirin, ana saka ɗan rubutu jefi-jefi a kan allo, wani kuma na kaɗa fiyano a cikin zauren kallo. Dariyar duka daga fuska da motsin jiki take fitowa, shi ya sa har yau mai jin Fulatanci kaɗai a Yola da mai jin Hausa kaɗai a Jimeta za su iya kallonsu tare, su yi dariya a wuri guda.

Hardy, wanda aka haifa a jihar Jojiya a 1892, ya fara fim a 1914, yawanci yana fitowa a matsayin mugu ko ɗan rakiya. Sun fara haɗuwa da Laurel a fim ɗin The Lucky Dog na 1921, inda Hardy ya fito a ɗan fashi, daga nan kowa ya kama gabansa. Zuwa 1926 dukansu suna aiki a kamfanin Hal Roach, kuma Laurel ya karkata ga rubutu da ba da umarni. A shekarar ne Hardy ya ƙone a hannu a ɗakin girki, aka nemi Laurel ya maye gurbinsa, ta haka ya koma gaban kyamara. Darakta Leo McCarey ne ya lura da yadda suka dace, ɗaya siriri mai fuskar tausayi, ɗaya ƙato mai ji da kai. A 1927 aka mayar da su abokan wasa na dindindin.

A allo, Hardy ne shugaba mai ba da umarni, Laurel kuwa yaronsa ne mai sosa kai da saurin kuka, duk da cewa wautar shugaban ba ta gaza ta yaron ba. A Big Business na 1929 sun je sayar da bishiyar Kirsimeti, gardama ta ɓarke tsakaninsu da maigida, suka riƙa rushe masa gida yana farfasa motarsu, kowa na tsayawa cikin natsuwa ya jira ɗan'uwansa ya gama ɓarna kafin ya rama. Bayan fage kuwa labarin daban ne. Laurel ne ke tsara abin dariya, ya zauna da marubuta, ya kai dare wurin tace fim. Hardy kan gama nasa ya wuce filin golf, ya bar masa ragamar da zuciya ɗaya.

Zuwan sauti a 1929 ya karya 'yan wasa da yawa, amma su sai ya ƙara musu kasuwa. The Music Box na 1932, labarin wasu 'yan dako biyu da ke fama da hawa da fiyano kan doguwar matakala, ya ci lambar Oscar. Jimillar finafinan da suka fito tare 107 ne, 32 daga ciki gajeru marasa sauti.

Sai dai shaharar ba ta ba su iko da aikinsu ba. Roach ya riƙe su da kwantiragi daban-daban masu ƙarewa a lokuta daban-daban, don kada su haɗa kai su yi ciniki da shi. Da suka bar shi a 1940 suka koma 20th Century Fox da MGM, aka ƙwace wa Laurel ragamar tsara wasa, ingancin ya faɗi. Finafinan kuma ba mallakinsu ba ne, don haka da talabijin ya riƙa nuna su, wasu ne suka kwashi ribar.

Rangadin da suka yi a Birtaniya a 1947 da 1952 da 1953 zuwa 1954 ne ya mayar da abokan aikin aminai, domin a lokacin ne suka riƙa wuni tare a jirgin ƙasa da masauki. Rangadin ƙarshe ya yanke ne a Plymouth a watan Mayun 1954, da ciwon zuciya ya kama Hardy. Da ya mutu, rashin lafiya ta hana Laurel halartar jana'izarsa.

A 1961 aka ba shi Oscar ta girmamawa. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan gida a Santa Monica, lambar wayarsa na cikin kundin da kowa ke iya dubawa, yana amsa wasiƙun masoya da kansa, yana kuma ci gaba da rubuta wasanni na mutum biyu da ya san ba za a taɓa yi ba. Ya mutu ranar 23 ga Fabrairu, 1965, yana da shekara 74. A 2009 garin Ulverston ya kafa mutum-mutuminsa a gaban wani zauren wasa, tare da na Hardy a gefensa.