Waliyyi John Henry Newman (1801–1890)

Ranar 9 ga Oktoba ce ranar tunawa da Waliyyi John Henry Newman, mutumin Ingila. An zaɓi ranar ce domin a cikinta ya shiga Ikilisiyar Katolika a shekarar 1845, yana da shekara 44.

An haife shi a Landan ran 21 ga Fabrairu 1801, a gidan mabiya Anglika. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya zama malami a can, aka naɗa shi firist na Anglika a 1825. Daga 1828 shi ne mai kula da cocin jami'ar, ɗalibai kuwa sukan yi tururuwa zuwa wa'azinsa. Ya samu suna, ya samu abin hannu da abokai.

Abin da ya raba shi da duk wannan karatu ne. Ya duƙufa kan rubuce-rubucen Ubannin Ikilisiya na ƙarnonin farko, musamman Waliyyi Atanasiyus, da niyyar ƙarfafa cocinsa. Sai ya ga sawun yana kai shi Roma. Ya ajiye aikin cocin a 1843, ya keɓe a ƙauyen Littlemore yana addu'a da azumi, yana rubuta littafi kan yadda koyarwar Ikilisiya take girma a tsawon zamani ba tare da ta sauya asalinta ba. Kafin littafin ya fito, wani fada ɗan Italiya, Dominic Barberi, ya iso da dare jiƙe da ruwan sama. Newman ya durƙusa gabansa ya yi ikirarin zunubansa, kashegari aka karɓe shi.

Ya biya farashi mai tsada. Matsayinsa a Oxford ya tafi, abokai da yawa suka juya masa baya, ƙanwarsa Harriet ta yanke zumunci da shi har ta rasu. Wanda ya taɓa barin hanyar gidansu saboda lamiri ya san nauyin wannan.

An naɗa shi fada a Roma a 1847. Bishop-bishop na Ireland suka kira shi ya kafa Jami'ar Katolika a Dublin, ya shugabance ta daga 1854 zuwa 1858. A laccocinsa ya nace cewa jami'ar da ta kori ilimin tauhidi ta bar giɓi, sauran fannoni kuma za su shiga giɓin su yi ta magana kan abin da ba huruminsu ba. Haka kuma bai yarda a killace ɗalibin Katolika daga kimiyya da adabin zamani ba, tunda duniyar da ake ɓoye masa ita zai shiga ranar da ya gama makaranta. Ko ra'ayin Darwin, wanda ya tsorata masu wa'azi da dama, bai ga ya saɓa wa imani da Mahalicci ba.

Gaskiya ita ce mu ma Katolika ba mu saukaka masa ba. Jami'ar ta sha rashin kuɗi da rashin jituwa da wasu shugabanni. A 1859 ya rubuta cewa ya kamata a saurari shaidar masu bi game da bangaskiya, aka kai ƙararsa Roma, ya yi shekaru ana masa kallon tuhuma. Ya ci gaba da aikinsa a Birmingham, yana koyar da yara, yana jin ikirari. Da Charles Kingsley ya zarge shi da rashin gaskiya, ya amsa a 1864 da tarihin tafiyarsa ta bangaskiya, wanda ya dawo masa da mutuncinsa har a wurin 'yan Anglika.

Paparoma Leo na 13 ya naɗa shi kadinal a 1879. Ya rasu ran 11 ga Agusta 1890. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai ran 13 ga Oktoba 2019, Paparoma Leo na 14 kuma ya ayyana shi Malamin Ikilisiya ran 1 ga Nuwamba 2025.