Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin falakin da Katsina ta haifa, Alƙahira ta gada

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani ɗan ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Azhar a wancan zamani. Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, Larabawa kuma kan rubuta shi al-Kishnawi. Kafin ya cika, ya yi wasiyyar littattafansa ga mai masaukinsa. Ɗan gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma shi ya adana tarihin malamin a littafinsa Aja'ib al-Athar.

Al-Katsinawi ya tashi ne lokacin da Katsina take matattarar fatake da malamai, birnin hasumiyar Gobarau, wanda Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani suka haskaka a ƙarni na 17. Ya yi karatu a hannun malamai da dama, ciki har da Muhammad al-Wali na Bagarmi. Amma Shaihu Muhammadu Bindu ne ya buɗe masa ƙofar da ya shahara da ita: hisabi, da ilimin mikati, wato fitar da lokutan salla daga tafiyar rana da taurari, da kuma ilimin hatimi.

Hatimi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman zaure. Mafi sauƙinsa gida tara ne, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya tashi 15. Mai gida ashirin da biyar yana tashi 65. Abin da al-Katsinawi ya yi shi ne tsara ƙa'idojin gina irin wannan hatimi mai gidajen mara, komai girmansa, a littafinsa Bahjat al-Afaƙ. Akwai kwafen rubutun hannu na littafin a Landan, kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikin ga masana lissafi na zamani a littafinta na 1973 kan lissafi a Afirka.

Ya yi aikin hajji a wajajen 1730, ya zauna a Makka, inda ya fara rubuta Al-Durr al-Manzum, ya kammala shi a Alƙahira. Littafin ya ginu ne kan wani aikin Fakhruddin al-Razi, kuma kamar yadda aka saba a zamanin, ya haɗa lissafin taurari da ɗalasimai da sirrin haruffa. Wannan ɓangare ya sha suka daga malamai, kimiyyar yau ma ba ta karɓe shi ba. Abin da ya tsira shi ne tarbiyyar kallon sama da auna ta da lamba. Hasan al-Jabarti kansa ya ɗauki ilimin hatimi a wurinsa. Al-Katsinawi bai sake komawa gida ba, a Alƙahira aka binne shi.

Shekara 118 bayan rasuwarsa, kallon sama ya ɗauki sabon nauyi. Ranar 1 ga Satumba, 1859, Baturen Ingila Richard Carrington ya ga wani haske ya ɓarke a fuskar rana. Kashegari guguwar maganaɗisun da ta biyo baya ta rikita wayoyin tangaraho a Turai da Amurka, har wasu na tartsatsin wuta. A Maris 1989 irinta ta jefa lardin Kibek na Kanada cikin duhu na sa'a tara. A Fabrairun 2022 wata ƙarama ta hallaka kusan taurarin ɗan'adam arba'in na Starlink.

Nijeriya tana yankin da sararin samaniya ke yawan hargitsa siginar taurarin ɗan'adam, musamman bayan faɗuwar rana, kuma babban layin lantarkinta yana durƙushewa ko ba guguwa. Mutanen Batsari da Safana sun riga sun ɗanɗana rayuwa babu sadarwa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, tura kuɗi ya tsaya, kiran neman agaji ya gagara. Wancan umarnin gwamnati ne, kuma an janye shi. Na rana ba ya jiran sa hannun gwamna.

Ƙasar nan ta kafa hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba ta Jihar Kogi. Haƙƙin matasa ne su tambayi wakilansu nawa ake ware wa wannan aiki, da kuma wa zai gargaɗi kamfanonin lantarki da na waya idan rana ta yi aman wuta. Jihar da ta haifi al-Katsinawi ta fi kowa cancantar fara wannan tambaya. Allah Ya jiƙan malam.