Alexander Mack: Mai Dukiyar Da Ya Zaɓi Zumunci

An haifi Alexander Mack a shekara ta 1679 a garin Schriesheim na ƙasar Jamus. Mahaifinsa mai hali ne, yana da maniƙar hatsi. Amma Mack ya tashi a zamanin da sujada ta zama al'ada kawai, ƙauna kuwa ta yi sanyi. Zuciyarsa ta yi marmarin irin zumuncin masu bi na farko da ke cikin Ayyukan Manzanni.

Ya soma taruwa da waɗansu a gida domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, abin da hukuma ta hana. Da tsanani ya taso a 1706, ya bar garinsu da iyalinsa zuwa ƙauyen Schwarzenau. A 1708 su takwas suka karɓi baftisma a kogin Eder. Nan Ekklesiyar 'Yan'uwa ta samo asali.

Gādonsa ya ƙare wajen taimakon 'yan'uwan da aka kora daga gidajensu. Jama'arsa sun riƙe zaman salama, da sauƙin rayuwa, da wanke wa juna ƙafafu. Ya yi ƙaura zuwa Holan a 1720, sa'an nan Amurka a 1729, inda ya rasu a 1735.

A 1923 magadansa suka kawo bishara Garkida. Mack bai mutu da dukiya ba, amma ya bar ekklesiya wadda mai abu da marar abu suke cin abinci a akushi ɗaya.