Robert Moog, maƙerin da ya sayar da sunansa

Kiɗan fiyano da muke ji a kasuwar Ƙonni yana da kakanni, ɗaya daga cikinsu shi ne Robert Moog, mutumin Amurka da aka haifa a 1934. A 1964 ya ƙera na'urar da ke haɗa kiɗa da lantarki, a 1970 kuma ƙaramarta ta fito, wato Minimoog.

Gwani ne a ƙira, amma kasuwa ta gagare shi. Bashi ya sa ya sayar da kamfaninsa a 1971, har da sunan. Sai a 2002 sunan ya dawo hannunsa, ya rasu a 2005.

Yau kwamfuta na kwaikwayon amon na'urarsa da araha, duk da haka makaɗa na sayen ta asali da tsada. Ashe suna ma jari ne.