John Brown da Garin Harpers Ferry

A ƙasar Amurka akwai wani tsohon gari da a ke kira Harpers Ferry, daidai inda kogin Shenandoah ya haɗu da kogin Potomac. Ba a ambaton garin nan ba tare da an tuna da John Brown ba, farar fata wanda ya ɗauki makami domin 'yanta bayi baƙaƙen fata, aka kuwa rataye shi a kan haka.

An haife shi ran 9 ga watan Mayu 1800 a Jihar Connecticut, ya girma a Ohio. Ubansa majemi ne mai tsananin riƙo da addinin Kirista, kuma mai ƙyamar bauta. Brown ya gaji jima, ya taɓa kiwon tumaki da cinikin ulu da na filaye, amma duk bai ci riba ba, har a 1842 kotu ta tabbatar ya karye. Ya yi aure sau biyu, ya haifi 'ya'ya 20.

A 1837 wasu masu goyon bayan bauta suka kashe editan jarida Elijah Lovejoy a Jihar Illinois. Daga nan Brown ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai ƙare rayuwarsa wajen yaƙi da bauta. A 1855 ya bi 'ya'yansa zuwa yankin Kansas, inda a ke zub da jini a kan ko za a halatta bauta ko a hana. A watan Mayu 1856 shi da mutanensa suka fito da mutum biyar daga gidajensu da dare a Pottawatomie, suka hallaka su. Wannan ta'asa ta zama tabo a sunansa har yau.

Sa'an nan ya mai da hankali ga Harpers Ferry, domin a can Gwamnatin Tarayya ta ke da ma'aikatar ƙera bindigogi da rumbun makamai. Nufinsa ya kwashe makaman ya raba wa bayi, su shiga duwatsu su ja daga. Frederick Douglass, shahararren baƙar fata wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya gargaɗe shi cewa tarko zai shiga, ya kuma ƙi binsa. Brown bai saurara ba. Mutum 21 kaɗai ya samu, biyar daga cikinsu baƙaƙe.

Daren 16 ga watan Oktoba 1859 suka kama rumbun ba da wahala ba. Amma bayin da ya sa ran za su yi tururuwa ba su zo ba, kuma wanda aka fara harbewa shi ne Heyward Shepherd, baƙar fata mai 'yanci, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Mutanen gari suka yi musu ƙawanya a ɗakin ajiye kayan kashe gobara. Ran 18 ga wata sojojin ruwa a ƙarƙashin Kanar Robert E. Lee suka fasa ƙofa suka kama Brown da raunuka. Mutanensa goma suka mutu, har da 'ya'yansa biyu.

Abin da bindiga ta kasa yi masa, kotu ta yi. Natsuwarsa a gaban alƙali da wasiƙun da ya rubuta daga kurkuku suka sa mutanen Arewa da yawa suka ɗauke shi gwarzo, masu bayi na Kudu kuwa suka firgita suka shiga tara makamai. An same shi da laifin cin amanar Jihar Virginia da kisan kai da zuga bayi, aka rataye shi ran 2 ga watan Disamba 1859. A watan Afrilu 1861 yaƙin basasa ya ɓarke, a 1865 aka soke bauta.

Harpers Ferry ya ɗanɗana kuɗarsa a yaƙin. An ƙone rumbun makaman tun a farko, garin ya yi ta faɗawa hannun wannan da wancan har sau takwas. Ran 15 ga watan Satumba 1862 sojojin Tarayya fiye da 12,000 suka miƙa wuya ga Janar Jackson na Kudu a nan.

Bayan yaƙi, a 1867, aka buɗe Kwalejin Storer a garin domin ilmantar da 'yantattun bayi. Ɗakin da aka kama Brown kuwa ya sha yawo: an kai shi Shikago a 1891 don nune-nune, aka dawo da shi wata gona kusa da gari, inda W.E.B. Du Bois da abokansa masu neman haƙƙin baƙaƙe suka ziyarce shi a 1906. Daga baya ya zauna a harabar kwalejin, a 1968 aka mai da shi kusa da mazauninsa na asali. Su ma masu ɗaukaka sunan sojojin Kudu sun kafa dutsen tunawa da Shepherd a 1931, suna nuna shi a matsayin misalin baƙaƙen da suka ƙi tawaye, abin da ya ɓata wa baƙaƙe rai ƙwarai.

Yanzu tsohon garin, wanda ya ke cikin Jihar West Virginia, wurin tarihi ne a hannun Gwamnatin Tarayya. Ɗakin da dutsen duka suna nan, 'yar tafiya kaɗan a tsakaninsu, kuma har yanzu Amurkawa ba su daina muhawara ba a kan ko Brown gwarzo ne ko mai kisan kai.