Taƙaitaccen Tarihin Friedrich Miescher (1844-1895)

An haifi Friedrich Miescher a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ranar 13 ga Agusta, 1844. Ya tashi a gidan likitoci, shi ma ya karanci likitanci, ya kammala a 1868. To, sai dai zazzaɓin taifot ya raunana masa ji, kuma likitan da ba ya jin bugun ƙirjin majiyyaci, aikinsa ragagge ne. Saboda haka ya karkata ga bincike.

Ya tafi garin Tubingen na Jamus, wurin wani malami mai suna Hoppe-Seyler, wanda ɗakin bincikensa tsohon madafi ne a wata fadar sarauta. Kayan aikin Miescher ba abin sha'awa ba ne: bandejin da aka kwance daga raunukan majiyyata yake karɓowa, ya wanke mugunyar don ya sami fararen ƙwayoyin jini. A 1869 ya tsamo wani sinadari daga cibiyar waɗannan ƙwayoyi, wanda ruwan tumbin alade mai narkar da furotin ya kasa narkarwa. Ya raɗa masa suna nuklin. Malamin ya yi tababa, ya riƙe takardar har sai da ya maimaita gwajin da hannunsa, sannan aka buga ta a 1871. Wannan sinadari shi ake kira DNA a yau.

Miescher ya koma Basel, ya zama farfesa a 1872, ya ci gaba da tatso sinadarin daga maniyyin kifin salmon na kogin Rhine, cikin tsananin sanyi don kada ya lalace.

Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne wasiƙar da ya aika wa kawunsa a 1892. A ciki ya yi hasashen cewa gadon halitta jeri ne, tamkar yadda 'yan haruffa kaɗan ke wadatar da kalmomin dukkan harsuna. Ya dace da ma'ana, amma ya kuskure wuri, domin furotin ya jingina wa wannan aiki, ba abin da ya gano ba. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna DNA ne ke ɗauke da gadon. Haruffan ma huɗu ne kacal: A, T, G da C. Uku-uku suke haɗuwa su ba da kalmomi 64, mafi yawansu suna nuni ga ɗaya daga cikin tubala 20 da ake gina furotin da su.

Miescher bai riski ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tarin fuka ya kwantar da shi a garin Davos, inda ya rasu ranar 26 ga Agusta, 1895, yana da shekara 51.