Charles Darwin: ɗalibin da ya gudu daga ɗakin tiyata, ya bar wa duniya gardamar afendiks

Duk wanda ya taɓa garzayawa da ɗan'uwansa daga Nima ko Maamobi zuwa asibitin Korle Bu saboda ciwon afendiks ya san yadda abin yake. Likita ya yanke ɗan guntun hanjin nan mai kama da ƙaramin yatsa a gefen dama na mara, majiyyaci ya warke, ya koma cin tuwonsa kamar ba a rage masa komai ba. Sai tambaya ta biyo baya a teburin mai shayi: in ana iya rayuwa ba shi, to mene ne amfaninsa? Baturen da ya mai da wannan tambaya gardamar duniya shi ne Charles Darwin.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairun 1809 a garin Shrewsbury na Ingila. Mahaifinsa likita ne mai dukiya, mahaifiyarsa kuma ta rasu yana ɗan shekara 8. A 1825 aka tura shi jami'ar Edinburgh don ya gaji uban, amma a zamanin ana yanka mutum ido biyu, babu maganin sa barci. Ya halarci tiyata biyu, ɗaya ta ƙaramin yaro, ya fice tun ba a gama ba. Abin da ya tsira da shi daga birnin shi ne sana'ar feɗe tsuntsu a adana fatarsa, wadda ya koya wajen John Edmonstone, baƙar fata da aka 'yanto daga bauta a Guyana.

Da likitanci ya gagara, sai uban ya aika shi Cambridge don ya zama limamin coci. A can ya ƙaunaci littafin William Paley, wanda ya kafa hujja da cewa kamar yadda agogo ke nuna akwai maƙerinsa, haka tsarin ido da sauran gaɓoɓi ke nuna Mahalicci. Da wannan fahimtar ya shiga jirgin ruwan Beagle a ƙarshen Disambar 1831. Ƙasar da ya fara takawa, a Janairun 1832, ita ce tsibirin Santiago na Cape Verde, a tekun Afirka ta Yamma. Tafiyar ta ɗauki kusan shekara 5. Azabar da ya ga ana yi wa bayi a Brazil ta zauna masa a rai har mutuwarsa.

A 1839 ya yi auren zumunci da Emma Wedgwood, mace mai riƙon addini, suka haifi 'ya'ya 10. Ya kai shekara 20 yana tara hujjoji, galibi a gidansa na ƙauyen Downe, yana fama da ciwon ciki, yana jinkirin bayyana ra'ayinsa, har sai da Alfred Russel Wallace ya aiko masa da irin tunanin a 1858. A Nuwambar 1859 littafinsa kan asalin jinsunan halittu ya fito, aka buga kwafi 1,250.

A cikinsa ne ya kawo zancen gaɓoɓin da yake ganin saura ne na wani tsohon aiki. Ya ba da misali da haƙoran da ke fara tsirowa a muƙamuƙin sama na ɗan maraƙi tun yana ciki amma ba sa taɓa huda dasashi, da fikafikan jimina da ba sa tashi da ita. Ya kwatanta su da baƙaƙen da ake rubutawa a kalma ba a furta su, kamar k a farkon knife ta Ingilishi, ko t a ƙarshen petit ta Faransanci: ba sa aiki a baki, amma suna nuna yadda kalmar take a da. Ɗan Adam kuwa bai taɓo shi sosai ba sai 1871, a littafinsa kan asalin mutum. Nan ya lissafa tsokar motsa kunne da yawancin mutane ba sa iya sarrafawa, da turamen ƙarshe masu fitowa bayan an balaga, da ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, sai afendiks. Ya ce afendiks ragowar wani babban sashen hanji ne irin na dabbobi masu cin ganye, ba shi da amfani, wani lokaci ma yakan yi kisa.

A wannan littafi ya yi hasashen cewa a Afirka ɗan Adam ya samo asali, kuma ƙasusuwan da aka tono daga baya a Tanzaniya da Kenya da Habasha sun ƙarfafa hakan a wajen masana. Amma a cikinsa kuma ya jera al'ummu hawa-hawa, Turawa a sama, waɗanda ya kira marasa wayewa a ƙasa. Ƙin bauta bai raba shi da girman kan zamaninsa ba.

Batun afendiks ya yi gaggawar yanke hukunci. An gano cewa bangonsa cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma a 2007 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka suka kawo bayanin cewa yana iya zama ma'ajiyar ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sake cika hanji bayan gudawa mai tsanani. Haka ya faru da jerin gaɓoɓi 86 da Bajamushe Robert Wiedersheim ya wallafa a 1893: wasu daga cikinsu ƙulluttai ne masu sarrafa sinadaran jiki da ba a san aikinsu ba a lokacin. Masu cewa kowace halitta an yi ta ne kai tsaye a siffarta suna riƙe da wannan a matsayin nasara. Masanan halittu kuma suna amsawa cewa tun 1859 Darwin ya rubuta gaɓa na iya rasa aikinta na asali ta kama wani, don haka samun amfani bai rushe hujjar ba. Yawancin gardamar a kan ma'anar kalmar saura take: mara amfani ke nan, ko wadda aikinta ya canza?

Malaman Musulunci ba su yi shiru ba. A 1888 Shehu Husain al-Jisr na Tarabulus ta Lebanon ya wallafa Risala Hamidiyya, inda ya ce hujjojin juyin halitta ba su kai yaƙini ba, amma ko da sun tabbata ba za su kore Mahalicci ba.

Shi kansa Darwin imaninsa ya yi ta raguwa a hankali, kuma rasuwar 'yarsa Annie a 1851, tana da shekara 10, ta girgiza shi ƙwarai. Ran Lahadi yakan raka iyalinsa har coci, shi ya wuce yawo. A wata wasiƙa ta 1879 ya ce bai taɓa musun samuwar Ubangiji ba, sai dai shi mai shakka ne. Ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1882, aka binne shi a cocin Westminster kusa da kabarin Isaac Newton.

Shekara 4 bayan haka wani likitan Harvard, Reginald Fitz, ya bayyana kumburin afendiks a matsayin cuta mai zaman kanta, ya ce maganinta shi ne a yanke da wuri. Asibitin Korle Bu kuwa sai 1923 aka buɗe shi.